Abincin ƙwaƙwalwa: kafin ka nemi abin da zaka ƙara, ka duba abin da ya yi maka ƙaranci

Duk wanda yake bin masu bayanin lafiya a waya ya saba ganin jerin nan na "abincin da ke ƙara kaifin basira", kuma kusan kullum abu ɗaya ne ake juyawa, wasu 'ya'yan itatuwa na ƙasashen sanyi da ko a manyan kantunan Abuja sai an sha wuya ake samu, da kifin salmon, da cakulan mai ɗaci, da man zaitun. Mutum ya gani ya ce toh shikenan mu kam an bar mu a baya. Ni kuma a ganina tambayar ce tun farko aka yi ta a karkace. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran wani abincin mu'ujiza, akwai wasu 'yan abubuwa ne da in suka yi ƙaranci aikinta yake raguwa, in kuma sun wadata to ƙarin da zaka yi a kai ba wani abu zai tsinana maka ba, randar da ta riga ta cika in ka ci gaba da ɗura mata ruwa ƙasa kawai yake bi. Saboda haka abin da ya kamata mu tambaya shi ne, a irin cimarmu ta tuwo da shinkafa da taliya da shayi da burodi, me ya fi yawan yin ƙaranci?

Bari dai mu fara da ita ƙwaƙwalwar. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin babban mutum ba, wajen kilo ɗaya da ɗan wani abu, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa in mutum yana zaune, kuma ko barci kake ba ta kashe wuta. Man da take sha shi ne sukarin jini wato gulukos, wajen giram 120 a rana, kuma ba ta da rumbun ajiya na kirki, jini ne yake kawo mata shi tare da iskar da muke shaƙa minti bayan minti. Kaga kenan maganar ƙwaƙwalwa rabinta maganar jini ce, shin akwai shi isasshe, yana ɗauke da iska yadda ya kamata, hanyoyin da yake bi lafiyarsu ƙalau?

A nan ne babbar matsalarmu take, ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Wato in ka shiga ajin 'yan mata a sakandare ko ka tarar da mata a gidan suna, akwai yiwuwar fiye da rabinsu jininsu bai kai ba. Ba duka ne daga abinci ba, zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana tsotsa, ga sikila, ga haihuwa kusa-kusa, ga jinin al'ada mai yawa, amma kaso mai tsoka yana komawa ne ga ƙarancin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Shi ayon ɗin nan da shi ake gina abin da ke ɗaukar iska a cikin jini, sannan ita kanta ƙwaƙwalwa tana buƙatarsa wajen haɗa sinadaran da jijiyoyinta ke aika wa juna saƙo da su irin su dofamin da sarotonin. Shi ya sa tun kafin jini ya yi ƙasa sosai har a ga fari a ido da tafin hannu mutum yake fara jin abin, kasala ba dalili, ka karanta shafi ɗaya sau uku baka riƙe komai ba, saurin fushi, jiri in an miƙe, haki in an hau bene, wasu matan har su riƙa kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa. A gida sai a ce yarinyar nan ta cika son jiki, ko a ce matar nan ta faye mita, alhali wataƙila gwajin jini ɗaya a asibiti zai warware zancen.

Kuma ba hasashe ba ne cewa gyara ayon yana taɓa tunani. A Ruwanda an ba ɗalibai mata na jami'a wani irin wake mai yawan ayon suna ci kullum na wajen wata huɗu, wasu kuma aka ba su wake na yau da kullum, da aka gwada su a ƙarshe waɗanda suka ci mai ayon ɗin sun fi saurin amsawa a gwajin tunawa da na mai da hankali. A jihar Maharashtra ta Indiya an yi irin wannan da gero, aka ciyar da 'yan makaranta masu shekara 12 zuwa 16 na wata shida, nan ma aka ga bambanci. Gero fa, wannan dai da muke fura da kunu da shi. A 2018 ma an fitar da wani irin gero mai yawan ayon a Nijar mai suna Chakti, da haɗin gwiwar cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa ICRISAT da hukumar binciken noma ta ƙasar, kuma shi ne irinsa na farko da aka saki a Afirka.

Sai dai ayon yana da wani hali mai ban haushi, abin da ke cikin kwano daban abin da ya shiga jini daban. Wanda ke cikin nama da hanta da kifi jiki yana karɓarsa cikin sauƙi, wanda ke cikin hatsi da wake da ganye kuwa kaɗan ne yake wucewa, wani lokaci ko kashi 5 cikin 100 bai kai ba, saboda gero da dawa da wake suna da wani sinadari da ake kira fayitet da yake riƙe ayon ɗin ya hana hanji ɗauka. Shi ya sa nake ɗan ja da baya in na ji ana zuzuta zogale kamar shi kaɗai zai cika wa mutum jini, eh yana da ayon kuma kwaɗon zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, amma wadda jininta ya riga ya yi ƙasa ba zogale ne zai ɗago ta da wuri ba. Abin da ke rage ƙarfin fayitet kuwa iyayenmu suna yinsa tun kafin a san sunansa, jiƙa hatsi ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, tsiro da dawa, daddawar kalwa da ake rufewa kwanaki. Duk abin da ya jiƙu ko ya tsimu ayon ɗinsa ya fi saurin shiga jiki. Sannan bitamin C in ya haɗu da abincin a lokaci ɗaya yana ƙara yawan abin da ake ɗauka sosai, wato ɗanyen tumatir da tattasai a kan ɗanwake ko shinkafa da wake, matsa lemon tsami a kwaɗo, shan lemo ko gwaiba bayan cin abinci, ko kwalba da nono da ake yi da garin 'ya'yan kuka wanda yake cike da bitamin C. Ɗan nama ko kifi kaɗan a miya shi ma yana jawo na ganyen ya shiga tare da nasa.

Sai kuma shayi, wanda nasan nan ne za a yi min ca. Ganyen shayi yana da tanin, abin nan da ke sa baki ya yi bauri, kuma shi ma kama ayon yake. Gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1970 da 1980 sun nuna shan shayi tare da abinci yana iya rage ayon ɗin da jiki zai samu daga hatsi da ganye da fiye da rabi. Namiji lafiyayye mai cin tsire da balangu ba abin da zai same shi, amma ka ɗauki budurwa ko mai ciki wadda buƙatarta ta ayon ta ninka ta namiji, karin safenta shayi da burodi, da rana taliya da manja, da dare tuwo da miyar kuka ba nama sannan a ɗora shayi a kai, to ina jinin zai fito? Ba cewa na yi a daina ba, tazara kawai za a bayar, awa ɗaya bayan cin abinci ma ya rage matsalar da yawa. Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya wuce kemis ya sayi maganin ƙarin jini ya fara sha da ka, musamman masu sikila da waɗanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai, su ayon yana iya taruwa ya yi musu yawa ya taɓa hanta da zuciya, a fara yin gwaji tukuna. Yara ƙanana kuma in suka samu ƙwayoyin nan suka haɗiye da yawa guba ne, a ɗaga su sama.

Na biyu shi ne sinadarin aidin, wanda da yawanmu maƙoƙo kawai muka sani game da shi. Maƙoƙon shi ne abin da ido ke gani, ɓarnar da ba a gani ita ce ta ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, don hukumar lafiya ta duniya ta daɗe tana lissafa ƙarancin aidin a matsayin kan gaba cikin abubuwan da ke naƙasa basirar yara waɗanda kuma ana iya kauce musu, kuma a yankunan da ƙarancin ya yi tsanani an samu yara suna ƙasa da takwarorinsu da maki 10 zuwa 13 a gwajin basira. Mu da muke nesa da teku ba abincinmu ne zai ba mu shi da yawa ba, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta saka shi a gishiri. Abin lura kawai shi ne aidin yana gudu in gishiri ya daɗe a buɗe yana shan rana da laima, don haka na leda da aka rubuta akwai aidin ya fi wanda aka tula a faranti a kasuwa, kuma a gida a zuba shi a abu mai murfi nesa da murhu.

Bitamin B12 kuma daga dabba kaɗai ake samunsa, nono, kindirmo, ƙwai, kifi, nama, hanta. Ƙarancinsa yana zuwa da mantuwa, jin kamar ana tsira allura a ƙafa ko tafin hannu, rashin walwala, wani tsohon har a ɗauka rikicin tsufa ne. Tsofaffi sun fi shiga haɗarin don cikinsu ya rage iya tatsarsa daga abinci, haka masu ciwon suga da suka daɗe suna shan maganin suga na metformin. A nan fura da nono ta ci a yaba mata, gero da nono a ƙwarya ɗaya, in dai ba a cika ta da sukari ba. Ƙwai ma haka, gwaiduwar tana da kolin wanda ake gina ƙwaƙwalwar yaro da shi, amma har yau akwai gidajen da ake cewa in yaro ya saba da ƙwai zai yi sata, sai a dafa wa maigida a bar mai shekara ɗaya da ruwan koko, alhali daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kwana dubun farko ɗin nan, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi girma da sauri kuma abin da aka rasa a nan da wuya a rama shi duka daga baya. Hanta dai ita ce sarauniya wajen ayon da B12 amma mai ciki ta yi hankali da ita kar ta yawaita saboda bitamin A ɗin da ke ciki ya yi yawa. Wani ɗan abu kuma ga masu girki, kanwar da ake zambaɗa wa wake don ya nuna da wuri tana kashe wasu bitamin na rukunin B, jiƙa waken tun dare ya fi.

Yanzu maganar walwala da damuwa, inda aka fi sayar wa mutane da labari. Zaka ji ance ka ci ayaba ko cakulan don suna ƙara sarotonin sinadarin farin ciki, har a ƙara da cewa kashi 90 cikin 100 na sarotonin a hanji ake yinsa. Wannan lissafin gaskiya ne, abin da ba a faɗa shi ne sarotonin ɗin hanji ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barinsa ya wuce, aikinsa a can motsa hanji ne, ita ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata. Saboda haka ba wata ayaba da zaka ci da safe ta goge maka baƙin ciki da rana.

Amma kuma ba a ce abinci ba ruwansa da damuwa ba. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Deakin ta Ostareliya ƙarƙashin Felice Jacka sun ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa na gaske waɗanda cimarsu ba ta da kyau, rabi aka haɗa su da masaniyar abinci ta koya musu komawa hatsin da ba a cire wa dusa ba da wake da ganye da kifi da dangin gyaɗa da rage kayan zaƙi da soye-soye, rabi kuma aka riƙa zama ana hira da su kawai. Bayan sati 12, kashi 32 cikin 100 na 'yan rukunin abinci sun fita daga ciwon, ɗaya rukunin kashi 8. Sakamako ne mai daɗin ji, sai dai mutanen kaɗan ne, kowa ya san rukunin da yake, kuma yawancinsu suna kan magani ko ganin likita a lokacin, wato abincin ƙari ne a kan magani ba madadinsa ba. Da aka zo gwada ƙwaya kuwa labari ya sha bamban, a Amurka an ba mutum sama da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama ƙwayar man kifi ta omega-3 ko ta bogi na kusan shekara biyar, ba ta hana su kamuwa da damuwa ba, bitamin D ma da aka gwada a kan mutanen haka. Abin da ni na fahimta daga nan shi ne tsarin cin abincin gaba ɗaya ne yake aiki ba wani sinadari ɗaya da aka ɗura a kwalba aka sa masa tsada ba. In kana son omega-3 ɗin ga kifin ƙanƙara nan, titus da shawa da sadin na gwangwani duk sun fi tarwaɗa da karfasa yawansa, sau ɗaya ko biyu a sati in aljihu ya yarda. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga daina barci, daina cin abinci, ko tunanin gara ya mutu, wannan asibiti zai je ba kasuwar kayan miya ba.

Ɓangaren aiki da kuzarin yini shi ne wanda kowa zai iya gwadawa a kansa gobe. Farin burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari suna shiga jini da gudu, sukari ya hau ya sauko, kafin sha ɗaya ka fara hamma kana neman abin taunawa. Koko da ƙosai ko alala ko ɗanwake da ƙwai sun fi riƙe mutum saboda furotin da harzar da ke cikin wake suna sa abincin ya narke a hankali. Lemon kwalba mai santilita 50 yana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da hukumar lafiya ta duniya ta ce babba ya sha a yini guda. Gyangyaɗin bayan azahar kuwa kar a ɗora wa tuwo laifin duka, agogon jiki ne da kansa yake saukowa a wannan lokacin ko ka ci ko baka ci ba, malmala uku dai ƙara masa nauyi take, wanda ya samu halin ƙailula ta minti ashirin ya fi wanda ya danne ta da lemon ƙarin kuzari. Ga kuma ruwa, a zafin Maris zuwa Mayu mutum yana rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta gumi ba tare da ya lura ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo ciwon kai da rashin natsuwa.

Goro da shayi da kofi duk abu ɗaya suke ɗauke da shi, kafeyin, kuma mu ba baƙinsa ba ne tunda kakanninmu har Gwanja suke zuwa fataucin goro. Yana aiki da gaske, yana wartsakar da mutum ya ƙara mai da hankali, amma ba kuzari yake ba ka ba, akwai wani sinadari adenosin da yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa yana gaya mata an gaji, kafeyin toshe wurin da saƙon ke shiga yake yi, gajiyar tana nan tana jiranka. Kuma yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, to ka lissafa mai zaman majalisa da ake zagaye uku na shayi mai kauri har sha ɗayan dare, zai kwanta ya yi barci amma ba mai nauyi ba, ya tashi asuba a gajiye ya sake neman shayi. Alhali a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, ɗalibi ko mai hadda da ya kwana yana tauna goro don ya yi tilawa ya rage wa kansa abin da zai zauna. Masana a Turai sun sa iyaka a miligiram 400 a rana ga babba, mai ciki 200, kofin shayi na yau da kullum kuma yana da wajen 40 zuwa 50.

Sauran maganar ta tsufa ce. Akwai wani tsarin abinci da aka ƙirƙira a Amurka musamman don kare ƙwaƙwalwa daga ciwon mantuwa ana kiransa MIND, an yi ta yayata shi, amma da aka gwada shi a kan tsofaffi 604 na shekara uku aka fitar da sakamako a 2023, bai fi ɗaya rukunin da aka ce su ɗan rage cin abinci kawai ba, duka biyun sun ɗan inganta kusan daidai. Abin da hujja ta fi ƙarfi a kai shi ne hanyoyin jini. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, a ciki akwai hawan jini da ciwon suga da ƙiba da taba da yawan kitse a jini. A wajenmu ma kafin a kai ga mantuwa shanyewar ɓarin jiki ce take fara kayar da mutane suna da shekara hamsin da 'yan kai, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Nan ne gishiri ya sake dawowa ta ɗaya ƙofar, ana so ya zama mai aidin amma kar ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen da ake marmasawa biyar shida a tukunya ɗaya da garin ɗanɗanon taliyar yara da yajin tsire, don kusan rabin dunƙule ko fiye gishiri ne. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna rage buƙatar dunƙulen in an saba a hankali, zoɓo ma an gwada an ga yana ɗan sauke jini kaɗan in ba a kashe shi da sukari ba, amma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Shi hawan jini kuma yawanci ba ya ciwo ba ya alama, mutum yana iya yawo da 160 bisa 100 shekara da shekaru yana jin garau, sai an ɗaura abin awo a hannu ake sani, kuma yawancin kemis da ƙananan asibitocin unguwa suna da shi.